Kibod ɗin da Ya Mutu Sau Uku

Ku samarin da kuke zuwa shagona ku jingina da gilashi kuna cewa gyaran kibod ba aiki ba ne, a cire tsoho a sa sabo kawai, da ku nake. Ni ma da irin wannan bakin na sauka Guangzhou. Na baro Kano ina ji da kaina, don na yi shekaru ina buɗe wayoyi a kasuwa har ana ce mini injiniya. Sai da na zauna gaban Lao Liang, wani tsamurarren tsoho mai shagon gyara a benen 'yan kayan lantarki, na gane ashe ko riƙon sukudireba ban iya ba.

Wata uku tsohon nan bai bar ni na taɓa kwamfutar kowa ba. Matattun laftop yake tulo mini, in kwance in ɗaure. Idan na gama sukuru ɗaya ya yi saura a kan tebur, ba ya faɗa, sai ya ture mini ita da ɗan yatsa in sake daga farko. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake karɓar aiki. Mai kwamfuta yana tsaye yana ta zuba bayani, shi kuwa ya ɗaga ta ya kai hanci yana sansanawa kamar mai sayen kifi. Da Sinancina ya ɗan yi ƙwari na tambaye shi dalili, ya ce duk wanda ya kawo gyara akwai abin da yake ɓoyewa, amma kwamfuta ba ta jin kunyar kowa. Na riƙe wannan magana hannu biyu, kuma ta ciyar da ni shekaru.

Kayan aikina ba su da yawa, kun gan su: sukudirebobi ƙanana, hantsaki, buroshi mai laushi, kwalbar sifirit, mita, gilashin ƙara girma, da wani tsohon kibod na waje da haruffansa suka goge. Wannan tsohon kibod shi ne alƙalina. In aka kawo laftop madannanta ba sa amsawa, shi nake fara jonawa. Idan ya yi rubutu, to ƙwaƙwalwar kwamfutar lafiya take, ciwon yana sama. Daga nan in kashe ta in kunna, in shiga bayos, wato shafin saitin da ke fara fitowa, tun kafin manhaja ta tashi, in ga ko madannan za su motsa a can. In sun motsa, matsalar ta saiti ce, sukudireba ba shi da aiki. In ba su motsa ba, sai in buɗe in duba ribon, wata siririyar waya mai faɗi kamar zaren kaset da ke haɗa kibod da bod, babban allon cikin kwamfutar. Wanda bai bi wannan layi ba zai sayi sabon kibod ya sa, ya tarar yana nan inda yake.

Wani ɗan Kantin Kwari ya taɓa shigo mini a guje, wai kibod ɗinsa ya mutu ga kwantena ana lodi. Ban buɗe ko sukuru ɗaya ba. Gwiwar hannu ya ɗora a kan madanni ɗaya yana waya, har kwamfutar ta kunna wani saiti da ke sa ta yi kunnen uwar shegu da duk abin da aka danna. Wani kuma ya rantse mini ko ruwan sama bai taɓa ganin tasa ba. Ina ɗaga kibod sai ga tururuwa suna fitowa a layi, ƙasan duk ya yi danƙo da shayi mai madara. Na nuna masa, ya ce ai ya manta. Kowa mantawa yake yi. Shi ya sa tambayoyina huɗu ne ba sa canzawa: me ka zuba mata, daga ina ta faɗo, wa ya buɗe ta kafin ni, wa ka ara wa. Kuma duk amsar da aka ba ni, rabinta nake ɗauka.

Da idon Lao Liang ya yi rauni ya daina gyara, matarsa ta ci gaba da sayar da kayan gyaran. Madam Liang muke ce mata. Ni kuma na kama ɗan shagona a wani bene kusa da titin Huanshi Lu, inda mutanenmu suka fi zirga-zirga. A wurinta nake sayen komai. Sauran masu gyara a gaban kanta suke tsayawa ta miƙo musu, ni kaɗai ke da kujera a bayan kanta, wata 'yar jar kujerar roba. In na je sai in zauna in zaɓi kibod da hannuna daga kan shelf, ta zuba mini shayinsu marar sukari. Tana ce wa mutane ni ɗalibin mijinta ne. A kasuwar da kowa ke zargin kowa da cakuɗa sabo da wankakke, wannan kujera ba ƙaramin abu ba ce.

Shekarar da ta fi ba ni wuya, wani Alhaji Lawali ne ya kawo ta. Mutumin Maraɗi ne, dattijo, jakunkunan mata yake saro wa daga kasuwar jakunkuna ta Shiling. Ya saba zuwa a ƙarshen shekara ya yi mako biyu a otal ya koma. A wannan karon ya zo wajajen watan Maris da niyyar zaman wata uku, ya kama gida a unguwar Panyu. Hotunan samfur da jerin abin da kowane mai shago a Maraɗi yake so duk suna cikin laftop ɗinsa. Ya ajiye mini ita a kan gilashi ya ce, "Malam Sabi'u, wagga ordinater ta ƙi rubutu. Rabin haruffan sun mace."

Na jona alƙalina, ya yi rubutu. Na shiga bayos, layi biyu na madannai ba sa motsi. Na buɗe, sai ga bakin ribon ya yi kore-kore, alamar ruwa ya taɓa shi. Na jero masa tambayoyina.

"Alhaji, me ta sha?"

"Ba ta sha komi ba."

"Shayi? Ko an yi alwala an dawo da hannu a jiƙe?"

"Wallahi ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ni kaɗai ni ke gidan."

Na sansana, ban ji sukari ba, ban ga danƙo ba. Da a ce ina da hankali a ranar da nan zan tsaya in yi tunani. Amma na ce a raina ruwan alwala ne, dattijo ne ba zai so ya faɗa ba. Na goge ribon da sifirit da buroshi, na mayar, komai ya tashi. Da zai tafi na ce masa, "Ka kiyaye ta da danshi, Alhaji. Ka riƙa barinta tana shan iska." Ya ce to, ya yi godiya.

Kwana takwas ya dawo, fuska ba walwala. Wannan karon duka kibod ɗin ne ya yi shiru. Koren ya dawo ya ci har cikin zanen wayar. Na sake tambaya, ya sake rantsuwa, na sake yin murmushin da nake yi wa masu rantsuwa. Na hau jirgin ƙasa zuwa wurin Madam Liang, na zauna a kujerata na zaɓo sabon kibod a leda, na sa masa a gabansa. Na ce a raina an gama.

Kwana goma sha ɗaya sabon ya yi. Ranar da Alhaji ya dawo karo na uku ba shi kaɗai ya zo ba, da mutum biyu 'yan garinsu a bayansa, kuma ko sallamar kirki bai yi ba.

"Malam Sabi'u, tsakaninka da Allah, mi ka sa mini cikin wanga abu? An hwaɗa mini ku masu gyara kuna hidda na asali ku sa jabu, don mutum ya yi ta dawowa. Ban yarda ba sai yanzu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Alhaji, kai ma tsakaninka da Allah, wace irin kwamfuta ce ke tsatsa ba a jiƙa ta ba? Ni na yi shekaru ina jin rantsuwa a kan gilashin nan."

"Ni kake ce ma maƙaryaci?"

Na kawar da kai na ci gaba da aikina. Ya sa na cire sabon kibod ɗin na mayar mata da tsohonta, ya ɗauki kwamfutarsa ya fita, ya bar mini mataccen sabon a kan tebur.

Ku da ba ku daɗe a garin nan ba, ba ku san ƙanƙantarsa ba. Mutane sun fi ƙasa yawa a titi, amma mu masu jin Hausa a gidan abinci ɗaya muke cin tuwo. Akwai wata Hajiya mai dafa tuwo da miyar kuka a wani bene bayan Huanshi Lu, duk wanda ya sauka daga Kano ko Yamai ko Maraɗi sai ya bi ta can. Alhaji Lawali ya faɗi maganarsa a kan tabarmar Hajiya sau ɗaya, shi ke nan. A makon da ya biyo baya ina zaune ina kallon mutanen da na yi wa gyara shekara da shekaru suna wuce shagona da laftop a hammata, su shiga na wani Basine a ƙarshen layi, suna kawar da kai kamar ba su gan ni ba. Wani ɗan Yamai da ya bar mini tasa ya dawo ya karɓe ta tun ban taɓa ba, ya juya ta a gabana yana duba ko an kwance sukurorin. Mai gyara ba shi da kaya a shelf da zai nuna, sunansa kaɗai yake sayarwa. Nawa kuwa yana narkewa ina gani, har na fara tunanin ko zan kai ƙarshen shekara a garin.

Na zauna na yi lissafin masu laifi. Aikina na san shi, ban yi kuskure ba. To ko Alhaji yana ƙarya, ko kibod ɗin da aka ba ni wankakke ne aka sa a sabuwar leda. Na ɗauki mataccen na nufi wurin Madam Liang. Ban zagaya bayan kanta ba, a gaba na tsaya na ajiye mata shi. Ta sa gilashi ta duba ribon na ɗan lokaci, sannan ta ɗago.

"A ina mai shi yake zaune? Hawa na nawa? Yana buɗe taga?"

Na ji tambayar kamar an watsa mini barkono. Na kawo mata kayan da suka lalace, tana tambayata taga. Na ɗauka kauce-kauce ne irin na 'yan kasuwa in an kama su. A gaban masu gyara uku da ke jiran layi na ɗaga murya na kira ta mai shago da Sinanci kamar kowane baƙo, na ce, "Laoban, ba labarin taga na zo ji ba. Wankakke kika ba ni. Na ɗauka ni ba a yi mini haka a nan."

Ta cire gilashin, ta juya ta ɗauko wani sabon kibod, ta ajiye a kan kanta ta ture mini shi da ɗan yatsa, daidai yadda mijinta yake ture mini laftop in sukuru ya yi saura. Sannan ta kalli na bayana ta tambaye shi me yake so. Na ɗauka na fita ina jin na yi nasara.

Saura Alhaji. Na kira shi na ce na samo sabon kibod, kyauta zan sa, kuma a gidansa zan sa yana kallo don kar ya ce na yi wani abu a ɓoye. Ya yarda da ƙyar. Gaskiyar magana ba don ya kalle ni na je ba, don in kama shi na je. Ina so in ga butar shayi kusa da kwamfutar, in ga tabon kofi a kan tebur, in nuna masa da yatsa.

Da safe na hau jirgin ƙasa zuwa Panyu. Lokacin nan ne na shekara da iskar kudu ke dawowa daga teku da ɗumi da ruwa a cikinta, ta tarar da gine-gine sun yi sanyi tun hunturu, sai komai ya kama gumi. Madubin lif ya yi hazo, matakala a jiƙe kamar an wanke, maƙwabta sun shimfiɗa jaridu a bakin ƙofa, kowane gida a rufe ruf. Ban ma lura sosai ba, don na shekara goma ina ganin haka. Gidan Alhaji a hawa na biyu yake, kuma tun daga nesa na gane shi, don shi kaɗai ne ƙofarsa take a wangale.

Na yi sallama na shiga. Tagogin falo a buɗe, na ɗaki a buɗe, ƙofar baranda a buɗe, ga fanka an kafa ta a bakin taga tana jawo iskar waje ciki. Alhaji yana duƙe da tawul yana goge tayil. Ruwa na gangarowa a bango siri-siri.

"Ka ga gidan da sunka ba ni," in ji shi. "Tun da na shigo yake jiƙe. Kullum ina buɗe ko'ina don ya sha iska ya bushe, amma kamar ƙara mai ruwa ni kai. Maƙwabtan ga kuwa ban san yadda su ke numhwashi ba, ko taga guda ba su buɗewa."

Na ce, "Ina kwamfutar?"

Ya nuna mini. Tana ƙasa a kan tayil mai sanyi, daidai ƙarƙashin taga, murfinta a buɗe, madannan suna kallon sama. Na shafa su da yatsa, yatsan ya jiƙe.

"Kai ka ce in riƙa barinta tana shan iska," ya ce. "Tun ranar nan nan take kwana, nan take wuni in ban hita da ita ba. Ban taɓa saɓa maganarka ba."

Babu buta, babu kofi, babu tabo. Na tsaya riƙe da jakar kayan aikina, kunya ta rufe ni. Dattijon nan bai yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba. Abin da uwarsa ta koya masa a Maraɗi ya yi, abin da tawa ta koya mini a Kano: in abu ya jiƙe, a fitar da shi iska. A can iska busarwa take yi. A nan, a wannan wata, ita ce ke kawo ruwan. Ni na san haka, duk shekara ina rufe tagogina in toshe ƙasan ƙofa ba tare da na yi tunani ba, har na manta akwai ranar da ban sani ba. Tambayoyina huɗu duk na kama maƙaryaci ne. Ba ni da ko ɗaya da zan yi wa mai gaskiya.

Na ajiye jaka na bi tagogin ɗaya bayan ɗaya ina rufewa. Alhaji ya miƙe.

"Kai, mi kake yi? Za ka dahwa mu a ciki!"

Na yi masa bayani, yana kallona da idon wanda ya riga ya yanke hukunci. A ganinsa wata sabuwar dabara ce na zo da ita don in wanke kaina. Sai na hango kwalaye jere a ɗaya ɗakin, shi ma tagarsa a buɗe. Na tambaye shi me ke ciki, ya ce jakunkunan samfur ne da na 'yan odar da ba su kai shiga kwantena ba. Na ce ya buɗe na kusa da taga. Ya yanke salatif ɗin yana ƙunƙuni, ya zaro jaka ta farko. Farar fumfuna ta fara bin ɗinkin hannunta, ƙarfen zif ɗin ya yi kore irin na ribon ɗinsa sak.

Na ce, "Alhaji, ita ma ni na sa mata jabu?"

Ya daɗe yana juya jakar a hannu. Sannan ya ce, "Innalillahi," ya je da kansa ya rufe tagar da ta rage. Wunin ranar ba gyaran kwamfuta muka yi ba sai can da la'asar. Mun fito da jakunkunan muna gogewa, muka kunna na'urar sanyaya ɗaki a kan saitin da ke tsotse danshi, wanda bai taɓa sanin tana da shi ba. Kwali biyu ne suka taɓu, sauran sun tsira. Da na sa kibod ɗin na ce masa ya riƙa rufe ta ya sa a jaka, ya jefa mata 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ke zuwa cikin jakunkunansa. Na kuma ce ya yafe mini, don na mai da shi maƙaryaci a gaban mutanensa. Ya ce shi ne da neman gafara.

Dattijon kirki ne, ba a ɗaki ya bar maganar ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da gidan Hajiya ya fi cika, ya shigo da jakar nan mai fumfuna a leda. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Jama'a, a nan na ɓata sunan Malam Sabi'u, a nan zan gyara shi. Ba shi ya kashe mini ordinater ba, iskar garin ga ce, kuma ni na buɗe mata ƙohwa." Aka yi ta dariya ana miƙa jakar hannu zuwa hannu, mutum uku suka tashi tsakiyar cin tuwo suka tafi rufe tagoginsu. Kafin wata ya ƙare aiki ya dawo mini. Tun daga lokacin tambayoyina suka zama biyar, kuma ta biyar ɗin nake fara yi: a ina take kwana?

Washegarin ranar Panyu na sayi lemo mai kyau na tafi wurin Madam Liang. Na tsaya a gaban kanta na ce mata tagar ce, kamar yadda ta faɗa tun kallon farko, kayanta ba su da laifi, ni ne mai laifi. Ta karɓi lemon ta ce shiyeshiye, wato na gode, ta ce ba komai, har da ɗan murmushi. Na leƙa bayan kanta. An ɗora kwalin caja a kan jar kujerar.

Har yau a wurinta nake sayen kaya, kuma ba ta taɓa ba ni marar kyau ba. Amma duk kibod ɗin da na nema, sai ta yage ledar a gabana, ta jona shi, ta danna madannan ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko har na ƙarshe, ina tsaye a layi da sauran masu gyara ina kallo. Na sha ce mata ba sai ta gwada ba, na yarda. Ba ta ɗago kai, sai ta ci gaba da dannawa.